Yaya ya aiko mini tirena daga Jamus, amma minti 15 nake yi in sauka

Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai shekara 29, ina zaune a gidan haya a unguwar Nima ta Akra. Na daɗe ina hawan keken tsere, ranar Lahadi mukan fita da abokai har Aburi, garin da ke kan tsauni a wajen Akra. Duk shekara in hunturu ya shigo, ƙura takan sa mini tari, sai in jingine keke wata biyu ko uku, in dawo kamar ban taɓa hawa ba. Bana yayana da ke Jamus ya aiko mini tirena, irin wanda ake ɗaure tayar baya a jikinsa a yi ta tuƙi a wuri ɗaya, tare da jadawalin da yake bi lokacin sanyinsu: awa ɗaya da rabi, kwana biyar a mako. Ni kuwa minti 15 nake yi in ji kamar zan suma. Gumi ya jiƙa ƙasa, mazaunina ya yi zafi, agogo ya ƙi tafiya. Ina rufe taga saboda ƙura. Tayata ta fara cinyewa, maƙwabciyata ma ta yi ƙorafin ƙara. Yau mako uku ban hau ba, amma in Yaya ya kira sai in ce masa komai lafiya. Lalaci ne ya kama ni, ko abin ne bai karɓe ni ba?

Daga ɗan'uwanku a Nima, Akra.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda yake hawa Aburi da ƙarfin cinyarsa ba malalaci ba ne, wannan ka cire shi daga ranka. Zafi ne yake sauke ka daga kan keken nan, kuma jadawalin da kake ƙoƙarin bi ba don ɗakinka aka tsara shi ba. A Jamus, cikin Disamba, rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma, titi ya yi santsi da ƙanƙara, shi ya sa masu keke suke komawa cikin gida. Da yawansu a gareji ko ɗakin ƙasa suke tuƙi, inda sanyi yake sa mutum ya fara da rigar sanyi a jikinsa, kuma duk da haka sai sun kunna fanka. Kai ko a hunturu Akra takan kai digiri 30 da rana, ga taga a rufe.

Ga abin da yake faruwa a jikinka. Cikin ƙarfin da tsoka take ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai yake zuwa feda, sauran duk zafi yake zama. In kana tura wat 150 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa take ba feda), wanda ba wani tuƙi mai tsanani ba ne, jikinka yana haifar da zafi na wat 450 zuwa 600, kamar an kunna rabin ayan guga a cikin ƙirjinka. A kan titi iskar da kake ratsawa tana busar da gumi, bushewar nan ita ce take sanyaya fata. A ɗaki babu wannan iska. Gumin sai ya zuba ƙasa bai yi aikinsa ba, laimar ɗakin ta ƙaru, jini ya yi ta komawa fata don neman sanyi, zuciya ta ƙara gudu alhali giyar da kake ciki ba ta canja ba. Wajen minti na 15 ne ƙwaƙwalwa take fara cewa a sauka. Kai ka ɗauka gundura ce, ita kuwa kare ka take yi.

Saboda haka abu na farko da za ka kashe wa kuɗi fanka ce, kafin manhaja, kafin wando, kafin komai. Fankar sama ba ta isa ba. Nemi ta tsaye ko ta ƙasa mai faɗin inci 16 zuwa 18, ka ajiye ta gabanka da tazarar mita ɗaya, ta ɗan karkata gefe, iskar ta doki ƙirji da fuska. Kunna ta tun kafin ka hau, kada ka jira sai ka jiƙe. Da yake wuta ba ta da tabbas, in da hali ka haɗa da ƙaramar fanka mai caji. Ranar da aka ɗauke wuta ba ka da ko ɗaya, rage lokacin zuwa rabi, ka bar tuƙi mai ƙarfi sai wata rana.

Maganar taga kuwa, kada ka rufe ɗaki ruf. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, to buɗe tagar da ba ta fuskantar can, ka rataya jiƙaƙƙen zane mara kauri a jikinta ya tare ƙura, ka goge daɓe da ruwa kafin ka kunna fanka, in ba haka ba ƙurar ɗakin ce za ta tashi ta shige maka hanci. A hunturu gumi yana saurin bushewa, za ka ga kamar ba ka zubar da ruwa sosai ba, alhali ka zubar. Tarin nan kuma, in yana zuwa da shaƙewar ƙirji ko numfashi mai fito, musamman da dare ko bayan tuƙi, je asibiti a duba ko asma ce. Akwai maganinta, kuma masu ita suna tsere lafiya lau.

Ruwa: ledar ruwa ɗaya rabin lita ce. A awa ɗaya ka sha ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi duk bayan minti goma. In kana son sanin naka adadin, hau sikeli kafin tuƙi da bayansa, ba riga. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a kan keken. Mai kilo 70 in ya rasa fiye da kilo 1.4, wato kashi 2 cikin ɗari, ƙarfinsa ya riga ya fara sauka. Ranar da za ka kai awa ɗaya ko ka wuce, zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokali shida na sukari a lita ɗaya ta ruwa. In kana da hawan jini ko ciwon sukari, tambayi likita kafin ka fara wannan haɗin. Kafin hawa ayaba ɗaya ko dabino uku sun isa. Koko da ƙosai ka bar su sai ka sauka, don mai yana daɗewa a ciki.

Tayarka da ƙorafin maƙwabciyarka, yawanci asalinsu ɗaya. In ka ga baƙin gari kamar toka a ƙasan tirena, tayar tana zamewa a kan rola ne, wato ƙarfen tirena da take juyawa a kansa, ko iskarta ta yi kaɗan, ko ba a matse rolar yadda ya kamata ba. Tayar keken tsere mai faɗin milimita 25 ka ba ta iska psi 90 zuwa 100 a ma'aunin famfo, amma duba abin da aka rubuta a gefenta, kada ka wuce shi. Juya abin matsewar har rola ta taɓa taya, sannan ka ƙara juyi biyu cikakku. Gwada: riƙe rolar da hannu ɗaya, ka fizgi tayar da ɗayan. In ta zame, ƙara rubu'in juyi. Ka riƙe adadin juyin nan da adadin iskar, kullum su zama iri ɗaya, za ka ga amfaninsa a gaba. In ka gama, sassauta rolar, don in ta kwana a matse tana yi wa taya tabo, tabon nan shi ne yake bugawa dum-dum a kowane juyi.

Kada ka ƙona tayarka mai kyau a nan. Akwai taya ta musamman ta tirena, wadda ba a hawa titi da ita, amma tsohuwar taya mai sulɓi ma tana yi. Mafi sauƙi ka samo wilin baya na hannu wajen masu sayar da tsofaffin kekuna, mai adadin giya daidai da naka, ka sa masa tsohuwar tayar, musanyawa ba ta wuce minti biyu. Taya mai ƙurji irin ta keken daji ita ce uwar ƙara, kada ta kusanci rola. In rim ya karkace, kai wa mai gyara ya daidaita sifoka. Ƙarƙashin tirena ka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri ko tsohon kafet ninki biyu, kada ƙafafunsa su taɓa bango, don ta daɓe da bango girgizar take shiga ɗakin maƙwabta. Sannan ka je ka gaida baiwar Allahn nan, ka ba ta haƙuri, ka tambaye ta lokacin da ba ya takura mata. Zaman gidan haya ne, in ta san minti 40 ne kuma ta san lokacinsa, da wuya ta sake magana.

Abu biyu na tsaro. Sandar da take riƙe wilin baya, yi amfani da ta ƙarfe wadda take zuwa tare da tirena, mai dunƙulallen kai. Ta keken tsere mara nauyi ba ta zama daidai a bakin maƙallin, tana iya suɓucewa kana tsaye a kan feda. Na biyu, yaran gida. Wili mai juyawa yana jan hankalinsu, sifoka tana iya karya yatsa, ƙarfen injin tirena kuma yana yin zafin ƙuna bayan tuƙi. Sa sakata.

Gumi gishiri ne, kuma iskar Akra da ma tana ɗauke da gishirin teku. Yafa tawul daga kan keke, wato abin riƙo, zuwa sandar sama, bayan kowane hawa ka goge da ɗanyen tsumma ka busar. Notikan wuyan keke ka shafa musu giris, boris ɗin wuya ma a riƙa dubawa. Duk wata uku ka ɗaga kaset ɗin da aka naɗe kan keke da shi. In ka ga farin gari a jikin alminiyom, gishiri ne yake cin sa, irin wannan kan yana iya karyewa kana gangarowa daga Aburi.

Zafin mazauni dalilinsa daban. A titi kana tashi tsaye a kwana, a rami, a gaban trotro (motar haya), keke yana rangaji a ƙarƙashinka. A tirena zaman wuri ɗaya ne. Duk minti goma ka ƙara giya biyu, ka miƙe tsaye daƙiƙa 30. Tirena yana ɗaga tayar baya, don haka sa katako ko tsohon littafi mai kauri ƙarƙashin ta gaba har keken ya daidaita, in ba haka ba nauyinka yana zubewa kan hannu da gaban sirdi. Tsawon sirdi kuwa, ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Wandon keke mai soso ana sa shi ba kamfai a ciki, a wanke shi bayan kowane hawa. In gabanka yana yin sanyi kamar ba naka ba, wannan ba abin jurewa ba ne: daidaita bakin sirdi ya kwanta sak, in bai daina ba canja sirdin.

Yanzu jadawali. Ajiye na Yaya. A tirena babu gangare, babu danja, babu sakin feda, shi ya sa minti 45 a kansa aiki ne na gaske. Kwana uku a mako sun ishe ka riƙe ƙarfinka har ƙura ta lafa, kuma kowace rana ta zama da nata aikin. Hawa ba tare da sanin abin da za ka yi ba shi ne yake sa ido ya manne a agogo. Wanda yake jiran minti huɗu su cika ba ya tuna saura minti 30.

Da yake ba ka da na'urar auna wat, auna da bakinka. Tuƙi mai sauƙi shi ne wanda za ka iya hira a cikinsa. Matsakaici, jimla gajera kawai za ka iya. Mai ƙarfi, kalma ɗaya ko biyu. Juyin feda kuma ka ƙirga sau nawa gwiwar dama take tasowa cikin daƙiƙa 15: 21 zuwa 24 shi ne daidai, wato juyi 84 zuwa 96 a minti.

Talata ranar ƙarfi ce, minti 40. Minti 10 na ɗumama jiki, sannan zubi huɗu na minti 4 mai ƙarfi, tsakanin kowane biyu hutun minti 3 kana juya feda a hankali, ka rufe da minti 5 na hucewa. Tunda ka yi mako uku a zaune, fara da zubi uku a makonni biyun farko. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya zuba duk ƙarfinsa a zubin farko. Zaɓi giyar da za ka iya gama na ƙarshe da ita. In na huɗu ya gagara, na ɗaya ne ya yi yawa.

Alhamis ranar atisayen hawan Aburi ce, minti 45. Bayan ɗumama na minti 10, yi zubi biyu na minti 12 a matsakaicin ƙarfi, hutun minti 5 a tsakani, sauran minti 6 ka huce. A zubi na biyu sa giya mai nauyi, juyin feda ya sauka zuwa 70 ko 75, kana zaune, kafaɗu a sake, kamar yadda hawan dutse yake tilasta maka. Duk mako biyu ka ƙara minti 3 a kowane zubi har ka kai biyu na wajen minti 20. In gwiwa ta fara ciwo ta gaba, giyar ta yi nauyi ko sirdi ya yi ƙasa.

Ƙarshen mako, in gari ya washe, fita titi da abokanka, tirena ba ya koya wa mutum kwana da birki. In ƙura ta rufe gari, yi minti 50 zuwa 60 mai sauƙi a ɗaki. Sauƙin nan da gaske muke, ranar nan ce kawai za ka iya kallon ƙwallo ko sauraron rediyo ko karatu a waya. Ranakun ƙarfi ba sa son kallo, takarda ɗaya da ka rubuta zubin a kai ka liƙa a bango ta wadatar. Mako na huɗu ka rage komai zuwa rabi, a hutun nan ne jiki yake gina abin da ka nema.

Akwai kuma ranar da ba ka da lokaci ko ba ka da zuciya. Ga nata, minti 20: minti 8 ɗumama, sannan sau takwas ka yi daƙiƙa 30 da ƙarfi, daƙiƙa 30 a hankali, minti 4 hucewa. Ka yi wa kanka sharaɗi ɗaya: duk ranar hawa sai ka hau minti goma, in bayan goman har yanzu jiki ya ƙi, sauka ba laifi. Galibi ba za ka sauka ba, don wahalar tana wajen farawa ne. Shi ya sa tun da dare za ka ɗaure keke, ka ba taya iska, ka ajiye wando da tawul da ruwa. Lokacin da ya fi sanyi shi ne bayan an idar da Asuba, wajen 5:30 zuwa 6:30, kuma abin da aka jingina da salla ba ya saurin suɓucewa. In maƙwabciyarka ta fi son bayan Isha'i, to ranar ƙarfi ka bar tazarar awa biyu kafin kwanciya, don tuƙi mai tsanani yana kore barci.

Mutum yana ɗorewa ne in yana ganin inda ya ci gaba. In kana da ƙaramar mitar gudu, mayar da maganaɗisunta wilin baya, don na gaba ba ya juyawa. Sau ɗaya a wata, bayan ɗumama na minti 15, yi minti 10 iya ƙarfinka, ka rubuta nisan da ta nuna. Iskar taya da matsin rola dole su zama irin na wancan karon, in ba haka ba lissafin banza ne. In injinka mai ruwan mai ne a ciki, nauyinsa yana canjawa a minti goman farko kafin ya ɗumama, kada ka auna a lokacin. Sannan ku tsayar da rana da abokan Lahadi, a ce Lahadin farko ta Maris, a hau tsaunin hanyar Aburi, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, a duba agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya, zubin Alhamis ɗin nan don wannan ranar kake yin sa. In akwai mai tirena a cikinsu, ku riƙa hawa lokaci ɗaya kuna kiran juna ta WhatsApp, kunyar barin aboki yana jira ta fi kowace ƙararrawa tayar da mutum.

Manhajoji irin su Zwift, inda kake ganin kanka kana tsere da mutanen wasu ƙasashe, suna kashe gundura sosai, ba musu. Amma Zwift kuɗin wata ake biya da kuɗin waje, tana son intanet mara yankewa, kuma tirena irin naka sai an ƙara masa ƙaramar na'urar auna gudu mai Bluetooth a cibiyar wilin baya. MyWhoosh kyauta ce, sai dai tana da nauyi, ƙaramar waya ba ta ɗaukar ta da kyau. A ganinmu kada ka sa kuɗi a nan sai ka yi wata ɗaya cur kana hawa da takarda da fanka.

Ranar da kake zazzaɓi, ko kana shan maganin maleriya, ko tarin ya sauka ƙirji, babu hawa. Da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya, in ya haura yadda ka saba da bugu 8 zuwa 10, huta ranar. In kana kan keke ka ji jiri, ko ciwon kai mai sara, ko tsigar jiki tana tashi cikin zafi, sauka nan take, sha ruwa, watsa ruwa a jiki. Ciwon ƙirji kuwa ko bugun zuciya mara tsari, asibiti kai tsaye. In azumi ya riske ka cikin jadawalin, mayar da hawa bayan buɗa-baki da awa ɗaya da rabi ko bayan Tarawihi, kwana biyu a mako, ka ajiye zubin ƙarfi.

Saura Yaya. Faɗa masa gaskiya a kiran da zai yi na gaba, tun kafin ya tambaya. Ba sai ka yi dogon bayani ba: ka gode masa, ka ce zafin ɗaki ya hana ka bin jadawalinsa, ka koma kwana uku na minti 40 zuwa 60. Shi ma a Nima ya tashi, ya san ɗakunanmu, kuma duk mai hawa tirena ya san abin da rashin iska yake yi. In ya tambayi abin da kake buƙata, kada ka ce sabon inji. Ce masa tayar tirena ɗaya daidai da girman wilinka, da na'urar auna gudu, da ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya. Dukansu suna shiga aljihun jakar duk wanda zai taho gida.